Wai bado ma ƙarewa yake yi ne?

Ummu_Hanan:
Salam 'yan uwa, dan Allah masana tsirrai ku taimaka min. Akwai wani tafki da na sani tun ina yarinya, da damina bado ne ke rufe shi fari fat, yanzu na koma ko ganye ɗaya babu sai kachalla, doguwar ciyawar ruwan nan, da ledoji. Wai ƙarewa yake a duniya ne ko dai nan ne kawai?

Dan_Fadama:
Wslm Hajiya, kwantar da hankalinki. Farin badon nan mai buɗewa da dare ya rufe in rana ta ɗaga, wanda masana ke kira Nymphaea lotus, yana nan birjik a yawancin Afirka, tun daga Senegal har Masar har can kudu, tsoffin Misirawa ma sun zana shi a bangon kaburburansu. Ƙungiyar IUCN mai lissafin halittun da ke cikin haɗari ta sa shi a rukunin waɗanda ba a fargabar ɓacewarsu. Kuma yana da taurin rai, in ruwa ya ƙafe da rani saiwar tana kwance cikin laka abinta, ruwa na dawowa ta tsiro.

Sadiq_Geo:
Malam gsky ne amma fa lissafin IUCN na duniya ne baki ɗaya, ba ya hana abu ya ƙare a waje guda. In an cike tafki an yi gini, ko an yashe lakar, ko kachalla ta mamaye, shikenan saiwar ta tafi. Dubi dausayin Hadejia-Nguru, tunda aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992 ruwa ya daina zuwa ya janye kamar da, sai ya zauna duk shekara a wasu wurare, ita kuwa kachalla abin da take so kenan, ta toshe hanyoyin ruwa ta shanye fili, shi kuma bado buɗaɗɗen ruwa yake so da rana a kan ganyensa, to ina zai fito?

Dan_Fadama:
Na yarda ɗan uwa. Wanda ya shiga uku da gaske ma ɗan uwan badon ne na ƙasar Ruwanda, Nymphaea thermarum, mafi ƙanƙantar bado a duniya, ganyensa wani bai wuce santimita 1 ba. A 1987 aka gano shi a lakar bakin wata maɓuɓɓugar ruwan zafi a Mashyuza, waje ɗaya tak. Wajen 2008 aka karkatar da ruwan don noma lakar ta bushe, aka ce ya ɓace a daji. Lambun Kew na Landan ne suka yi ta fama har suka gane shi ba ya son a nutsar da shi cikin ruwa kamar sauran, laka mai danshi yake so. A 2014 ma wani ya sace guda daga can, wlh mutane sai a barsu. Sai 2023 aka sake ganinsa a daji a Ruwanda.

Ummu_Hanan:
Ikon Allah, har bado ake sata. To in aka cire kachallar namu zai dawo?

Sadiq_Geo:
Zai iya in akwai sauran saiwa ko iri a lakar. Amma a yanke kachallar ƙasa da ruwa yadda kututturen zai nutse, in an yanke a sama sati kaɗan ta sake tohowa.