Taƙaitattun Shawarwari ga Mai Shirin Zama a Jamus

An nemi shawara a kan abin da ya kamata mai shirin zama a Jamus ya sani, kuma mafi yawan waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu sun yarda cewa kada baƙo ya auna tattalin arzikin Jamus da Volkswagen da BMW kaɗai, domin fiye da rabin ma'aikatan ƙasar suna aiki ne a ƙanana da matsakaitan kamfanoni, inda mai sana'ar da ya iya Jamusanci ya fi samun gurbi.

An fi jan magana a kan kafofin yaɗa labarai. Kowane gida yana biyan Yuro 18.36 a wata don ɗaukar nauyin gidajen rediyo da talabijin na al'umma, wato ARD da ZDF da Deutschlandradio, ko da babu talabijin a cikinsa, saboda haka bai kamata a yi watsi da wasiƙar neman kuɗin ba, tunda bashi ne mai taruwa. Sashen Hausa na DW da ke Bonn an yi shi ne don masu sauraro na ƙetare. Mai son sanin abin da ke damun maƙwabtansa gara ya riƙa duba jaridar garin da ya sauka, kuma a ganina wannan shawara ta fi sauran amfani. Jaridar Bild kuwa, an ce a karanta ta da taka-tsantsan.