Yaran ƙanwata za su zo daga Amurka suna neman Halowin, me zan haɗa musu a gida?

Maman Iman, Tumfure

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Ƙanwata da ke aure a Amurka za ta zo Gombe ganin gida ƙarshen Oktoba da yaranta biyu, namijin shekara 7, macen 5. A can duk ranar 31 ga Oktoba ake Halowin: yara su yi shigar ban tsoro, su bi gida-gida ana ba su alawa, a rarake kabewa a yanka mata ido da baki a sa haske a ciki. Yanzu namijin ya tada hankalinsa wai an raba shi da bikinsa. Ni kuwa burina yaran nan su so Gombe, su koma suna marmarin dawowa.

Na yi tunanin in haɗa su da nawa uku da na maƙwabta, kamar yara 12, a tsakar gida bayan magariba. Abban Iman ya ce bai yarda da shigar mayu ko ta gawa ba, ni ma raina bai so. To yaya zan yi su sami ɗan tsoron nan da suke so, ba tare da na kwana da masu firgita ba? Ƙaramin cikinsu shekararsa 3.

Abu Sadiƙ, Bolari

Wa alaikumus salam Hajiya. Maigidanki ya yi daidai. Asalin abin tsohon bikin mutanen Ayalan da Sikotilan ne na ƙarshen girbi, sun yi imani a wannan daren matattu suna kusantar masu rai. Daga baya ya haɗu da jajiberin 1 ga Nuwamba, ranar da coci ke tunawa da tsarkakanta. Mutanen Ayalan ne suka yawaita shi a Amurka, musamman waɗanda yunwar da ta fara a 1845 ta koro daga ƙasarsu. A ganina kada ki kira taron da wannan sunan, kada kuma ki ɗaure shi da wannan ranar. Ki sa wata rana daban, ki ce daren tatsuniya ne. Yaro wasa da zaƙi yake nema.

Goggo Asabe, Jekadafari

'Yata, ai abin da kike nema yana cikin gidanki. Mu da Dodo aka raine mu. Na koyar da 'yan aji ɗaya na firamare har na yi ritaya, kuma abin da na gani shi ne ƙaramin yaro yana son tsoro matuƙar yana jingine da jikin babba. Don haka ki fara da zama: tabarma biyu, kowane ɗan ƙasa da shekara 5 a cinyar uwarsa ko yayarsa. A kashe ƙwan tsakar gida, a bar na ɗaki ɗaya a kunne, ƙofar a buɗe, wanda ya ji ya isa ya san inda zai nufa. Kada kowa ya yi masa dariya.

Ki samo tsohuwa mai baki, wadda ta iya sauya murya. Ta ce gatanan gatananku, ki koya wa baƙin naki su amsa ta zo mu ji ta. Ta fara da Gizo da Ƙoƙi su yi dariya su saki jiki, sannan ta shigo da Dodo a tsakiya, ta rufe da Gizo kuma. Kada Dodo ya zama na ƙarshe, da shi za su kwanta. Kuma lalle a ƙarshen labarin a ci galabarsa, yarinyar da ya haɗiye ta fito da ranta. Idan Hausar yaran ba ta nuna ba, uwarsu ta riƙa raɗa musu a kunne, kada a tsayar da mai labari.

Kabewa kam kaka ce, tana nan a babbar kasuwa. Ki zaɓi mai faɗin gindi wadda za ta zauna da kanta. Tamu ta fi tasu tauri, saboda haka babba ya yanka da rana, yara su kwashe 'ya'yan da cokali. Ki sa ƙaramar tocila a ciki, ban da kyandir, ban da aci-balbal, ga mayafai ga yara suna guje-guje. Abin da aka rarako kuwa ya tafi miyar taushe.

Maganar shiga, ki tuna tashe. Gemun auduga da sanda da babbar rigar kaka, ga tsoho. Kunnuwan kwali, ga kura ko zomo. In suna son bin gida-gida, ki shirya da maƙwabta uku tun da rana, babba ya raka su, a ba su alawar madara da tuwon madara da gullisuwa. Su dawo kafin isha'i.

Ummu Haidar, Pantami

Ni ma'aikaciyar jinya ce, abu biyu zan ƙara kan na Goggo. Ɗan shekara 3 kada a ba shi gyaɗa ko alawa mai tauri a cikin duhu yana gudu, tana iya sarƙe shi. Ayaba ko kankana a yanka ƙanana ta ishe shi. Sannan ƙarshen Oktoba sauro bai tafi ba, ga waɗanda suka taso a waje ba su saba da zazzaɓinmu ba. Dogon hannu da dogon wando, a shafa musu maganin sauro, uwarsu kuma ta ga likita kan maganin rigakafi tun kafin su taso.

Maman Iman, Tumfure

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Abban Iman ya amince, mun tsayar da daren Asabar ɗin farko bayan saukarsu. Surukata ta ce ita za ta yi tatsuniyar. Goggo, saura tambaya ɗaya: babban ɗana ya dage shi zai yi Dodo, ya lulluɓa da buhu ya fito daga bayan tankin ruwa. In bar shi?

Goggo Asabe, Jekadafari

Ki bar shi, amma ya sa buhun a gabansu da sauran hasken rana, su taya shi ɗaurawa, fuskarsa a buɗe. Ya fito a hankali yana gurnani, ba da tsalle ba, kuma su ne za su kore shi da tafi.