Tsakanin Lee-Enfield, Mosin da K31, wacce ta fi saiti?

Baban Hanif: Salamu alaikum jama'a. Lasisina ya fito a nan Kanada, ina son tsohuwar bindigar soja don harbin takarda a filin harbi. Raina ya fi kwantawa da Lee-Enfield No. 4, irin wadda kakanninmu suka riƙe a yaƙin Bama. Tana da saiti kuwa, ko dai suna ne kawai?

Kawu Na Ohayo: Wa alaikumus salam. In saiti kake nema zalla, ɗauki K31 ta Suwizalan ka huta. Ƙasar ba ta shiga yaƙin duniya ba, bindigogin ba su sha wuya ba, kuma harsashinsu GP11 ba ya cin ƙarfe. Tawa, in na ɗora ta a kan buhun yashi, a yadi 100 harbi biyar tafin hannun yaro zai rufe su. Matsalar dai GP11 ya yi wuya yanzu, ya kuma yi tsada.

Ɗan Zango: Kawu, Mosin ta Rasha fa? Ita ce mai araha, harsashinta 440 a gwangwani ɗaya.

Kawu Na Ohayo: Araha ba ta ado, ɗana. Kunamarta tauri, ga duka a kafaɗa. Kuma yawancin Mosin ƙirar 91/30 da banati a maƙale aka saita su, kana cire shi sai ka ga harbi ya kauce gefe.

Malam Na Toronto: Baban Hanif, kar su kashe maka gwiwa. Dakarun Canadian Rangers tun 1947 suke riƙe da No. 4, sai wajen 2018 aka fara canja musu. Ka nemi ƙirar masana'antar Long Branch ta nan Toronto. Amma kafin ka biya, haska tocila cikin bututun. Tsohon harsashinta .303 na soja, samfurin Mk VII, albarushinsa cordite ne, zafinsa na zaizaye maƙogwaron bututu. In ya zaizaye, harsashi mai tsukakken gindi sai ya riƙa tangal-tangal, har ya shiga takarda a kaikaice, mai shafaffen gindi kuwa ya tafi daidai. Sannan ka girgiza katakon gaba. In yana motsi, ko babban kusar gaban magazin ya saki, saiti ya tafi ko da bututun sabo ne fil.

Baban Hanif: Allah ya saka da alheri Malam. Harsashi fa, wanne zan nema?

Malam Na Toronto: HXP na Girka in ka dace da shi, ba ya kawo tsatsa. Sauran tsofaffin, ka ɗauka duk suna barin gishiri a bututu: ka zuba ruwan zafi a ranar, ka busar, ka sa mai. Mai kaɗai ba ya narkar da gishirin.

Kawu Na Ohayo: In kuma ka ja kunama ka ji "ƙas" babu ƙara, kar ka buɗe. Bar bakinta yana kallon takarda minti guda, tsohon harsashi yakan tashi a makare.

Ɗan Zango: To ni dai ina nan da Mosin ɗina. Wa ya san inda ake samun robar kafaɗa?