Buhun benzuwet ya iso, ina zan ajiye shi ga damina?

Maman Ilham (Ƙofar Ƙaura): Salamu alaikum 'yan uwa. Maigida ya dawo daga Kano ya taho mini da buhun sodiyam benzuwet mai kilo 25, garin nan da muke sa wa zoɓo don kada ya lalace, wai ya fi sauƙi a kan sayen ƙulli-ƙulli. To sitona ɗan ƙarami ne, nan sukari yake, nan ɗan tsami, nan jarkar man janareta. Ga ruwa ya sauka. Ya kuke ajiye naku? Kuma yaran da ke auna mini shi, sai sun sa wani abu a jikinsu ne?

Hajiya Mai Zoɓo: Wa alaikumus salam. Fara fitar da jarkar man nan daga ɗakin tukuna, sai mu yi maganar saura.

Abban Sadik: Kilo 25? Maman Ilham kamfani za ki buɗe ba mu sani ba?

Maman Ilham: Wallahi ni ma da na ga buhun sai da na riƙe baki.

Umman Hanif (Rafin Daɗi): Bokitin roba mai murfi da ke kamawa gam. Ki bar shi cikin ledarsa ta ciki, ki ɗaure bakin, ki saka a bokitin, ki ɗora kan katako kada ya taɓa siminti ko bango. Yana jan danshi. Nawa ya taɓa dunƙulewa a watan Agusta har sai da na sa taɓarya.

Anti Rabi (Daura): Ku yi haƙuri zan ɗan ja magana, don abin da ya same ni ba na son ya sami kowa. Bara gab da azumi na aiki yaro kasuwa ya sayo mini rabin kilo na benzuwet wajen wani mai kayan haɗin lemo. Aka ƙulla masa a farar leda, babu rubutu, babu lamba, babu komai, kamar yadda aka saba ba mu. Akwai yarinyar da ke taya ni aiki, ɗiyar ƙanwata ce, tana da asma tun tana ƙarama. Ranar mun rufe tagar kicin saboda ƙura. Ta ɗebo garin ta zuba a ƙaramin kwano, ta sa ruwa, ta ƙara ɗan tsami a kai tana motsawa. Ina tsakar gida ina wanke robobi na ji wani wari irin na ashana idan an ƙyasta, amma ya ninka shi, yana shaƙe maƙoshi. Kafin in miƙe ta fito tana tari ba tsayawa, idanunta jajir suna zubar da ruwa, ƙirjinta na wata irin ƙara kamar usur. Ta kasa cewa komai, sai nuna mini jakarta take yi. Na zazzage jakar a ƙasa na samo abin shaƙarta, ta shaƙa sau biyu, bai lafa ba. A Keke Napep muka kai ta asibiti, ina riƙe da kanta, mai keken na ta cewa Hajiya ki yi ta salati. Sai bayan isha'i aka sallame mu.
Washegari ƙanen maigida, wanda ke koyar da kimiyya a sakandare, ya buɗe ledar daga nesa ya ce wannan ai ba benzuwet ba ne, metabaisalfait ne. Na koma wajen mai shagon da kaina. Bai musa ba. Ya ce buhunan biyu suna jingine da juna, yaronsa ne ya ɗebo daga na gefe, kuma wai ai duk aikinsu ɗaya, hana lalacewa. Ko sannu bai ce ba. Tun daga ranar ba na karɓar farin gari a ledar da ba rubutu, ko uban wa ya ƙulla. Sai na ga buhun da idona, na karanta sunan, na ga ranar ƙarewar wa'adinsa, a auna a gabana, in rubuta suna a jikin ledar kafin in bar shagon. Maman Ilham, ke da kika sami buhu sukutum da takardarsa, kada ki yar da takardar nan. Yanke ta ki manna a jikin bokitin.

Hajiya Mai Zoɓo: Innalillahi. Allah Ya ƙara mata lafiya. Ya jikin nata yanzu?

Anti Rabi: Alhamdulillahi Hajiya, ta warware. Amma na cire ta daga awo gaba ɗaya, ɗaurin leda da sa wa a firij kawai take yi.

Maman Twins: Wane shago ne Anti? Ki faɗa mu kiyaye.

Admin: Ba a kama suna a nan. Mai son sani ya bi ta ta gefe.

Malam Nura (Batagarawa): Bari in ƙara kan maganar Anti Rabi, don a rarrabe su. Benzuwet lambarsa E211, kusan ba shi da wari. Metabaisalfait lambarsa E223, shi ne mai warin farar wuta, kuma da ya haɗu da danshi ko abu mai tsami sai ya saki iskar da ke kama ƙirji, masu asma ta fi yi wa illa. Duk wanda ke da shi a sito, to ya raba shi da ɗan tsami, kowa kusurwarsa. Shi benzuwet bai kai nan ba, amma ƙurarsa na cin ido sosai, tana sa atishawa da ƙaiƙayin maƙoshi. Mai awo ya sa takunkumi da safar hannu, ya ɗiba a hankali da busasshen cokali, kada a kunna fanka a kansa. In ya shiga ido a yi ta kwarara ruwa mai tsabta kamar minti 15, ban da murzawa, in zafin bai tafi ba a je asibiti. In ya zube a ƙasa a kwashe da abin kwasar shara sannan a goge da jiƙaƙƙen tsumma, tsintsiya tayar da shi take yi.

Abban Sadik: Malam, takunkumi a zafin Katsina? Yarana ko na korona ba su yarda sun sa ba.

Malam Nura: Awon minti nawa ne Alhaji? Ba wuni za su yi da shi ba.

Inna Mai Kunu: Ni dai ban san mi ya kai ku ga wanga abu ba. Iyayenmu sun yi zoɓo da citta da kanumfari, ba wanda ya mutu. Yanzu komi sai an barbaɗa hoda.

Maman Twins: Inna iyayenmu a tukunya suke yi a shanye ranar. Ni shaguna takwas nake kai wa, a ɗauke wuta kwana biyu robobi su kumbura, wa zai biya ni?

Inna Mai Kunu: To ki rage yawa mana ɗiyata. Kuɗi ba su ƙarewa.

Maman Twins: Kuɗin makaranta ma ba su ƙarewa Inna.

Umman Hanif: Ni tambayata, kunun aya fa? Na sa masa amma da yamma ya yi tsami.

Malam Nura: Asarar kuɗi kika yi. Benzuwet sai a abu mai tsami yake aiki, irin zoɓo da lemon tsamiya. Kunun aya ba shi da tsamin da zai tayar da shi. Maganinsa tsabta da sanyi, a yi kaɗan a sayar. Kuma wajen haɗi, a narka benzuwet shi kaɗai a ruwa, a juye cikin zoɓon a motsa, sannan ɗan tsami ya biyo baya. In aka haɗa su a kwano ɗaya sai ya tsinke ya yi fari-fari yana yawo a sama, ba zai narke ba.

Hajiya Mai Zoɓo: Ashe shi ne farin abin da nake gani! Ni ina zargin sukari.

Baba Mai Biredi (Ƙofar Marusa): Maganar leda ba rubutu ta tuna mini abin da ya faru a Kano a 2021, gab da azumi. Garin da aka sayar wa mutane a matsayin ɗan tsami, aka yi lemo da shi, ɗaruruwa suka kwanta asibiti, wasu na fitsarin jini, an rasa rayuka. Da NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, ta gwada sai ta ce wani sinadari ne daban da ba na ci ba. Mu ma a gidan biredi har gobe ana kawo mana ƙulli a ce mai sa kumburi ne, alhali burometi ne da aka haramta. Farin gari duk kamarsu ɗaya a ido.

Abban Sadik: Baba tunda ka fito, biredin ɗari biyar ɗin nan me ya sa ya rame haka?

Baba Mai Biredi: Je ka tambayo kuɗin buhun fulawa ka dawo mu yi magana.

Maman Ilham: Jama'a kun bar ni da buhu. Nawa ake sawa ma? Ni cokalin shayi biyu nake zubawa a jarka.

Malam Nura: Ajiye cokali, nemi ƙaramin sikelin giram irin na masu zinari. Ƙa'idar lemon kwalba a Najeriya miligiram 250 ce a kilo ɗaya, ita aka yi ta ambata lokacin shari'ar lemon kwalba da aka yi a Legas a 2017. Ke nan jarka mai lita 20 kada ki wuce giram 5. Cokali biyu a cike zai iya zarce haka. Kuma kada ki haɗa shi da garin bitamin C, sannan a jera robobi a rana, zafi da haske na sa su haifar da wani sinadari mai cutarwa da ake kira benzin. Yanzu yi lissafi: kilo 25 giram 25,000 ne, jarka 5,000 ke nan.

Maman Ilham: Jarka dubu biyar! Ni da nake yin uku a rana.

Umman Hanif: To ai wa'adinsa zai ƙare bai ƙare ba. Ki raba mana kawai, ina son kilo ɗaya.

Hajiya Mai Zoɓo: Ni biyu. Zan aiko da robata mai murfi.

Anti Rabi: In za ku raba, kowace roba a rubuta suna da E211 da ranar ƙarewa da maka mai kauri, a ɗauki hoton takardar buhun a turo wa kowa. Kuma don Allah ban da robar madara ko ta kastad, yaro na gani zai ɗauka abin lasa ne. A sa a sama inda hannunsu bai kai ba, a kulle.

Inna Mai Kunu: Ni ba ni so ko kyauta ne.

Maman Twins: Ba wanda ya tambaye ki Inna, Allah Ya bar mana ke. Maman Ilham nawa kilo?

Maman Ilham: Bari maigida ya dawo masallaci in ji nawa ya saya, da kuɗin mota. Mai sayar da sikelin nan fa, a Babbar Kasuwa ta wane layi ake samu?

Abban Sadik: Ki tambayi masu kayan kek, su ma suna kawowa. A gwada miki shi a wurin, ki sayi batir na ajiya.