Ƙin ɗaukar mashayin taba aiki: haƙƙin kamfani ne ko zalunci?

Baban Ummi: Salamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanena da ke jihar Texas ta Amurka ya nemi aikin share-share a wani asibiti. An gama magana da shi, an ce ya yi, sai aka buƙaci fitsarinsa. Gwaji ya nuna nikotin, sinadarin da ke cikin taba, aka janye aikin. Ba wanda ya ce ya taɓa kunna sigari a harabarsu, a gidansa yake zuƙar abarsa bayan isha'i. Ni dai a wurina zalunci ne, kuma ya kamata doka ta hana.

Maman Sadiƙ: Wa alaikumus salam. Allah ya musanya masa da mafi alheri. Amma Baban Ummi, asibiti fa ka ce. Na daɗe ina aikin jinya, na ga yadda taba ke cinye huhun mutum. A Amurka kaɗai tana kashe mutum kusan 480,000 duk shekara. Asibitin Cleveland Clinic ya daina ɗaukar mashaya tun 2007, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa tun 2005. Ta yaya za ka ce wa mara lafiya ya bar taba alhali rigar mai kula da shi tana warinta?

Baban Ummi: Hajiya, share-share ya nema, ba wa'azin barin taba ba.

Barista: Bari in sa baki. Dokar tarayyar Amurka ta 1964 ta hana wariya a wurin aiki saboda launin fata, addini, jinsi ko asalin ƙasa. Taba ba ta ciki, sai aka bar wa jihohi. Jihohi 29 da birnin Washington suna da dokar da ke kare mashayi in dai a wajen aiki yake sha. Texas ba ta cikinsu, shi ya sa asibitin bai karya doka ba. Haka Michigan, inda a 2005 kamfanin Weyco ya rabu da ma'aikata huɗu da suka ƙi yarda a gwada su. A 2020 kamfanin U-Haul ya daina ɗaukar masu amfani da nikotin a jihohi 21, ya bar sauran. Wato jihar da kake zaune ita ke yanke maka hukunci.

Maman Sadiƙ: Barista, ka faɗa musu kuma su wa suka tsaya aka yi waɗannan dokokin.

Barista: Gaskiyarki. Kamfanonin taba sun zuba kuɗi wajen ganin an kafa su, wajajen 1990. Sai dai ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta ACLU ma ta goyi baya, don tana ganin abin da mutum ya yi bayan an tashi aiki ba hurumin wanda ya ɗauke shi aiki ba ne.

Alhaji Ƙarami: Ni ina da ma'aikata, bari in faɗi abin da mai biyan albashi ke gani. A can kamfani ne ke ɗaukar kaso mai yawa na inshorar lafiyar ma'aikaci. Mashayi ya fi yawan jinya, ga fita zuƙa kowane lokaci abokan aikinsa na riƙe masa wuri. Kuɗina ne, me zai hana in zaɓi wanda zan ba?

Baban Ummi: Alhaji, in lissafin jinya ne, to ba zai tsaya kan taba ba. Gobe mai ƙiba ne, jibi mai ciwon sukari da ya ƙi barin lemon kwalba, gata mai hawan babur. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Fita zuƙa kuwa, hana shi a lokacin aiki, ba mai ja da kai. Ko a Najeriya dokar 2015 ta hana shan taba a cikin wuraren aiki, kuma na yarda da ita ɗari bisa ɗari, don hayaƙin yana cutar da na kusa. Abin da ke ci mini rai daban ne. A Amurka talakawa da masu ƙarancin karatu su suka fi shan taba. Su ne kuma suka fi buƙatar irin aikin da ƙanena ya nema. Ka hana mutum aiki, ka hana shi inshorar da za ta biya masa maganin dainawa, sannan ka ce lafiyarsa kake so?

Maman Sadiƙ: Nan kam ka taɓa ni. Kuma akwai abin da ni ma ba na so a gwajin. Sinadarin kotinin ake nema, wanda jiki ke samarwa daga nikotin, kuma bai bambanta sigari da filastar nikotin ko cingam ɗin da muke ba masu son dainawa. Mutum na tsakiyar fama, gwaji ya kayar da shi. Wannan ba daidai ba ne. Amma a kan likita da nas ban sauka ba.

Alhaji Ƙarami: To a ɗauke shi, a ƙara masa kuɗin inshora. Dokar lafiya ta zamanin Obama ta yarda a ƙara wa mashayi har kashi 50 cikin 100.

Baban Ummi: Da haka suka ce da ya karɓa hannu bibbiyu, Alhaji. Wata uku ke nan yana zaune, ga 'ya'ya biyu, kuma ya ce mini yanzu ma ya fi sha.