An liƙe wa ƙanena ido da gam a asibiti, mu yarda?

Maman Walida:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena mai walda ne a Ƙofar Ruwa. Shekaranjiya yana gurzar ƙarfe ba tabarau, ɓarɓashi ya fallatso ya huda masa baƙin idon hagu, ruwa mai ɗumi ya dinga zuba. Likita ya ce hudar ƙarama ce, ya ɗiga mata wani gam, ya ɗora wata 'yar leda siririya kamar ɓawon albasa. Hajiyarmu ko runtsawa ba ta yi ba, tana ta cewa yaushe aka fara liƙe ido kamar takalmi. Mu yarda, ko mu nemi a ɗinke?

Sista Hadiza:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya. Ki kwantar wa Hajiya da hankali, sanannen aiki ne a wurin likitocin ido. Sunan gam ɗin sayanoakirilet, ana sa shi idan hudar ba ta wuce milimita 2 zuwa 3 ba. Ruwan da kika gani na cikin idon ne. In ya ci gaba da tsiyaya idon zai yi laushi, ƙwayoyin cuta su samu hanya. Gam ɗin toshewa yake yi kafin naman ya haɗe, bayan 'yan makonni ya ɓalle da kansa ko likita ya cire. Ledar kuwa don kada gam ɗin ya riƙa gogar fatar ido ne. Babban yanka shi ake ɗinkewa.
Abin da ya fi damuna: an yi hoto an tabbatar ba ƙarfe a ciki? Wanda ya maƙale yana kashe gani a hankali. Ki tambaya gobe, kuma kada a yi masa MRI, wato hoton da ake ɗauka da maganaɗisu mai jan ƙarfe, sai an tabbatar.

Baba Alhaji:
'Yata, ku hana masu zuwa dubiya kawo magani. Ba tozali, ba ruwan nono, ba zuma. Kuma kada wani ya ji "gam" ya je ya sayo Super Glue a kanti.

Sista Hadiza:
Gaskiya ne Baba. Kada ya murza, kada ya ɗaga abu mai nauyi, ya riƙa ɗiga maganin asibiti a kan lokaci. In ciwo ya ƙaru, ko gani ya ragu, ko ruwan ya dawo, ku koma a ranar.

Maman Walida:
Na gode, Allah ya saka. Hoton ne ba a yi ba. Da sassafe zan kai shi.