Shawarar waɗanda suka leƙa unguwar Zhujiang New Town a birnin Guangzhou na ƙasar Sin

Yawancin 'yan kasuwarmu da suka je sun yi ittifaƙi: a tafi bayan la'asar, a jira magariba, lokacin da fitilun dogayen benaye ke kamawa a dandalin Huacheng. Daga Xiaobei, unguwar da 'yan kasuwar Afirka ke yawan sauka, jirgin ƙarƙashin ƙasa layi na 5 zai kai ka kai tsaye, ba sai ka sauya ba.

Kan hawa hasumiyar Canton Tower, mai tsayin kusan mita 600 a tsallaken kogi, ra'ayi ya rabu. Ni ina tare da masu cewa a hau, amma ranar da sararin sama ya washe. In akwai hazo, asarar kuɗin tikiti ce.

A riƙe fasfo, a haɗa katin banki da manhajar biyan kuɗi ta Alipay tun daga gida. Abincin halal kuwa, a ci a Xiaobei kafin a fito, don a Zhujiang New Town yana da wuyar samu kuma da tsada.